Katangar gidana ta faɗa wa ɗan maƙwabci: mene ne a kaina, kuma inshora tana da ta cewa?

Magidanci daga Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana shari'a da waɗanda suka san harkar inshora a kan wani al'amari da ya hana ni barci tun ƙarshen watan Agusta. Gidan da nake ciki a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina, gidan gado ne. Ɗakunan ciki mun sake gina su da bulo shekarun baya, amma katangar da ke kallon lungu ta ƙasa ce tun ginin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Tun farkon damina gindinta ya fara zaizayewa saboda ruwan indararon da ke zuba a wurin, daga baya kuma ta dare daga sama har kusa da ƙasa, darewar da hannun yaro zai iya shiga. Maƙwabcina ya yi mini magana, sannan mai unguwa ya tsaya a ƙofar zaure bayan sallar La'asar, a gaban mutum uku, ya ce in rushe ta ko in tokare ta kafin ta yi ɓarna. Na kira magini ya duba ya yi mini lissafi, na ce masa ya dakata a yi albashi. Bayan kwana tara aka kwana ana ruwa, da gari ya waye ta rufta cikin lungu, ta danne ƙafar ɗan maƙwabcin nan nawa mai shekara 11, wanda aka aika sayen ƙosai.

Yaron ya karye a cinya. Ni na kai shi asibiti, ni na biya kuɗin hoto da aiki da magani, abin da ya lashe kusan albashina na wata biyu, kuma ban yi da-na-sanin ko kwabo ba. Mahaifinsa ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Sai dai kawun yaron ya ce magana ba ta ƙare ba sai an ga yadda ƙafar za ta warke, har ma ya ambaci kotu. Shin bayan kuɗin asibiti da yafewar uba akwai sauran wani haƙƙi a kaina? Shin akwai inshorar da ke ɗaukar irin wannan nauyi, kuma idan na shiga yanzu za ta taimaka? Ina tambaya ne saboda akwai rijiya a tsakar gidan da tsohon kwano kawai muke rufe ta da shi, ga kuma ɗakuna biyu kusa da zaure da na ba ɗaliban jami'a haya.

Almajirin fiƙihu, Unguwar Alƙali:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da ka yi. Malam, zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na jiharmu ke bi, maganar da mai unguwa ya yi maka a ƙofar zaure ita ce ta sauya matsayinka. Littafin fiƙihu Mukhtasar na Shehu Khalil ya lissafa faɗuwar katanga cikin abubuwan da ke jawo wa mutum lamuni idan an haɗa sharuɗɗa uku, wato katangar ta karkata, an gargaɗi mai ita, kuma yana da damar magance abin kafin ta faɗi. Da a ce lafiyarta lau iska mai ƙarfi ta kayar da ita cikin dare, da hukuncin daban ne. To amma an gargaɗe ka a gaban shaidu, kuma kwana tara sun isa a tokare katanga da azara ko a rage tsayinta, ko da kuɗin sabon gini bai samu ba.

Kawun yaron kuwa, ko da harshensa ya yi kaifi, bai kauce wa fiƙihu ba da ya ce a jira. Imamu Malik ya bayyana cewa raunin kuskure ba a yanke diyyarsa sai mai raunin ya warke. Idan ƙashi ya haɗe ya koma yadda yake ba tare da aibu ba, babu wata ƙayyadaddiyar diyya a kan karayar, sai dai maganar kuɗin jinya, wadda malamai suka yi saɓani a kanta, kai kuwa ka riga ka biya. Idan kuma ƙafar ta gajarce ko ɗingishi ya zauna, alƙali ne zai ƙiyasta gwargwadon tawayar da aka samu. Ma'aunin da ake komawa gare shi shi ne cikakkiyar diyyar rai, raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya ko dirhami 12,000 na azurfa, kuma a kuskure abin da ya kai sulusin wannan yana hawa kan dangin uba na wanda ya jawo ɓarnar, abin da bai kai ba kuwa daga aljihunsa zai fito.

Akwai wani abu da mutanenmu ba su cika lura da shi ba. Haƙƙin nan na yaron ne, ba na mahaifinsa ba, kuma uba mai kula da maslahar dukiyar ɗansa ne, ba mai kyautar da ita yadda ya ga dama ba. Saboda haka kada ka jingina da "na yafe" da aka furta a bakin gadon asibiti, lokacin da zuciya ta yi laushi. Rijiya kuwa hukuncinta ya fi sauƙi, domin hadisi ingantacce ya zo da cewa abin da ya halaka a rijiya babu ramuwa a kansa, Malik kuma ya fassara wannan da rijiyar da aka haƙa a inda aka halatta wa mutum, saɓanin wadda aka haƙa a kan hanyar jama'a. Duk da haka, tsohon kwano ba murfi ba ne a gidan da yara ke shiga.

Tsohon ma'aikacin inshora, Layout:

Allah ya gafarta Malam, ka gama da ɓangaren shari'a, bari in taɓa wanda na yi aiki a cikinsa. Ɗan'uwa, amsar tambayarka ta biyu ita ce akwai irin wannan inshora, amma ba ta komawa baya. Duk takardar da za ka yanka gobe tana fara aiki ne daga ranar da aka rubuta a jikinta, kuma sai an biya kuɗinta, don haka karayar yaron nan ba ta cikinta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har ila yau wajibi ne mai neman inshora ya bayyana duk abin da ya sani da zai iya shafar shawarar kamfani. Da ka je kafin katangar ta faɗi ka ɓoye darewar, da sun sami hujjar ƙin biya. Galibin kamfanoni ma ginin bulo da siminti suka fi karɓa, ginin ƙasa kuwa ko su ƙi shi ko su tsauwala kuɗi.

Inda mutane ke yawan ruɗewa shi ne, inshorar gobara da ruwa da iska gini take karewa, wato asararka kai mai gida. Ciwon da wani ya ji saboda gidanka kuwa sashe ne na daban, na ɗaukar alhakin cutar da wani, kuma sai ka gan shi a rubuce cikin yarjejeniyar tare da iyakar kuɗin da za su biya. Wannan sashe shi ke biyan abin da doka ta ɗora maka saboda sakacinka, da kuɗin lauya idan da amincewarsu aka ɗauke shi. Ba ya biyan abin da ka aikata da gangan, kuma ba ya biyan ciwon iyalinka da ke zaune tare da kai. Akwai kuma sharaɗin da ke ba mutanenmu mamaki: idan abu ya faru, ana so ka sanar da kamfani nan da nan, kuma kada ka amsa laifi ko ka yi alƙawarin biya ba tare da izininsu ba. Kai mara lafiya asibiti ba ya cikin wannan, amma zaman sulhu a zauren mai unguwa da yanke adadi ba da saninsu ba yana iya sa su zare hannu.

Ɗakunan hayar nan su ne suka fi ɗaukar mini hankali. Sashe na 65 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke amfani da su, kuma ya sanya gidan da ɗan haya ke zaune a ciki cikin wannan rukuni, tare da makarantu da asibitoci da wuraren kasuwanci. Inshorar da ya wajabta ta haɗa da alhakin rauni ko mutuwar masu amfani da ginin da ma na waje. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin waccan, kuma wajabcin bai tashi ba. Na san ba a cika bibiyar wannan a cikin gari ba, amma rashin bibiya ba ya soke doka ranar da aka tsaya gaban babbar kotu.

Idan halacci ne ke damunka, akwai takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ke Jidda ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, amma ta taimakekeniya ta halatta, kuma tun 1979 aka kafa kamfanin farko na irinta a Sudan. A nan gida hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi kamar Jaiz Takaful da Noor Takaful. Abin da ka biya gudummawa ce ga asusun haɗaka, daga ciki ake biyan wanda asara ta same shi, kamfani yana karɓar ladan kula da asusun, rarar da ta saura kuma ana iya raba ta ga mahalarta.

Bakatsine mazaunin Amurka:

Yaya, Allah ya kiyaye gaba. Abin da Baba tsohon ma'aikaci ya bayyana kusan haka yake a nan, sai dai a nan ya zama jiki, saboda bankin da ya ba ka bashin sayen gida ba zai sake maka kuɗi ba sai ka nuna takardar inshora. Sashen alhaki yakan fara ne daga dala 100,000, mutane da yawa kuma suna ɗaga shi zuwa 300,000. Akwai wani ƙaramin sashe, galibi tsakanin dala 1,000 zuwa 5,000, da ke biyan kuɗin asibitin baƙon da ya ji ciwo a gidanka ba tare da an tsaya binciken mai laifi ba, manufarsa a kashe magana tun ba ta kai ga lauyoyi ba. Da na karanta labarinka sai na ga ai wannan sashen ne ka biya daga albashinka.

A kan rijiya kuwa, dokar nan ta fi tsanani idan yara ne. Idan kana da abin da ke jan hankalin yaro kuma yana da haɗari, kamar tafkin ninƙaya na cikin gida, ana iya kama ka da laifi ko da yaron ba da izini ya shigo ba, domin ana ganin bai kai ya gane haɗarin ba. Wannan ya sa ake kewaye irin waɗannan wurare da shinge da ƙofa mai makulli.

Hajiya daga Daura:

Ni dai ban taɓa yankar inshorar gida ba, kuma ina shakkar mai jiran albashi kafin ya gyara katanga zai iya ƙara wa kansa wani biyan na shekara-shekara. Ɗana, kuɗin murfin kankare na rijiya bai kai kuɗin hoton ƙashi da kwana biyu a asibiti ba, ka fara da wannan cikin makon nan. Sannan ka tattara duk rasit ɗin asibiti ka adana. Kawun nan kuma kada ka mai da shi abokin gaba, ɗan 'yar'uwarsa ne ke kwance. Ka je ka same shi a gida tare da wani dattijo, ka ce masa kana tare da su har yaron ya taka ƙafarsa, kuma duk abin da shari'a ta ɗora maka bayan nan za ka yi.

Magidanci daga Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na bi shawararki, jiya bayan Magariba muka je wurin kawun tare da limamin masallacinmu, kuma da ya ji ban zo da musu ba sai ya sauko. Mun tsaya a kan cewa ba za a yanke komai ba sai likita ya sallami yaron an ga tafiyarsa, sannan a zauna da mai unguwa da shaidu a rubuta abin da aka cimma, kamar yadda Malam ya nuna. Ragowar katangar mun rushe ta, an kafa langa-langa na wucin gadi, birkila kuma zai zuba murfin rijiya ranar Asabar. Baba tsohon ma'aikaci, saura tambaya ɗaya gare ka: idan na je ofishin takaful, shin ɗaliban da ke haya a wurina ana lissafa su cikin mutanen gida ne ko cikin na waje, kuma sai na gama sabuwar katangar za su zo duba gidan ko tun yanzu zan iya fara cike takardun?