Neman shawara: wata huɗu ɗana bai ga malamar magana ba, makaranta na cewa in ƙara haƙuri

Uwar yaro, Houston:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure. Shekararmu uku a Houston. Ɗana na biyu shekararsa bakwai, likita ya tabbatar yana da otizim, abin da a gida ake ce wa galahanga, ko da yake ni ban son sunan. Bara makaranta ta gwada shi, aka yi zaman iyaye da malamai da suke kira ARD, aka rubuta takardar IEP, wato tsarin karatun da aka keɓe wa yaron, na sa hannu. A ciki an rubuta ɓaro-ɓaro cewa malamar koyar da magana za ta gan shi sau biyu a mako, minti 30 kowane zama.

Tun ƙarshen Satumba malamar ta ajiye aiki, kuma ba wanda ya gaya mini. Ni na lura da kaina. Da can duk Talata da Alhamis yakan dawo da 'yan katunan hotuna a jakarsa, kofi, ƙofa, ruwa, mu riƙa maimaitawa bayan isha'i. Sai katunan suka daina zuwa. Na tambayi malamar ajinsa a bakin ƙofa, ta ce ana neman wata. Na tambayi mataimakiyar shugabar makaranta, ta ce ai duk gundumar makarantun haka ake fama. Ga shi Janairu ya kusa ƙarewa. Yaron da ya fara cewa ruwa ya koma jan hannuna zuwa firij.

Sannan duk ranar da ya rikice a aji sai su kira ni in zo in ɗauke shi. An yi haka sau tara ko goma. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, da awa ake biyana.

Maigida ya ce kada mu ɗaga murya, mu baƙi ne, takardunmu ba su kammala ba. Turancina kuma na kasuwa ne. A zaman ARD mutum shida ne ke magana da sauri, ni gyaɗa kai kawai na yi ta yi. Yaya zan yi?

Wani dattijo, Bronx:

Wa alaikumussalam ɗiyata. Allah ya ba yaro lafiya. Ni dai ina bayan maigidanki. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mutanen nan su ke riƙe miki yaro tun safe har yamma, in kin ɓata da su, wa zai sha wahala? Ki lallaɓa su, za a kawo malamar.

Malamar yara masu buƙata ta musamman, Dallas:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, kuma na ga yadda haƙurin mutanenmu ke ƙarewa: yaro ya kai aji biyar bai iya haɗa jimla ba.

Maman yaro, abin da ke cikin IEP ba alfarma ba ce. Akwai dokar tarayya da ake kira IDEA, wadda ta samo asali tun 1975, aka sake mata suna a 1990, aka yi mata babban gyara a 2004. Ita ta ɗora wa gundumar makarantu nauyin ba duk yaro mai naƙasa ilimin da ya dace da shi kyauta. Da zarar an rubuta minti 30 sau biyu a mako, ya zama bashi a wuyansu. Rashin ma'aikaci matsalarsu ce, doka ba ta karɓe shi a matsayin uzuri ba. Suna iya ɗauko wata daga kamfani, suna iya yi ta bidiyo in ya dace da yaron, suna iya biyan kuɗi a kai shi waje.

Kuskuren da kika yi ɗaya ne, kuma kusan dukkanmu mun yi shi: maganar baka. Maganar bakin ƙofa iska ke ɗauke ta. Yau ɗin nan ki aika imel ga shugabar makaranta, ki sa daraktan ilimin musamman na gunduma a ciki. Kada ki yi faɗa, kada ki tsawaita. Ki ce ɗanki bai samu zaman koyon magana ba tun ƙarshen Satumba, kina neman a ba ki rajistar zaman da aka yi da wanda ba a yi ba, kina neman a kira zaman ARD, kuma kina neman a rama masa abin da ya rasa. Kamar ramuwar azumi ne, wanda aka sha sai a biya. In na cire hutun Nuwamba da na Kirsimeti, wajen mako 14 ke nan, zama 28, awa 14. Ba dole ne su biya minti da minti ba, kwamitin ARD ne zai duba irin koma bayan da ya samu, kuma ke ma kina cikin kwamitin da cikakken matsayi. Shi ya sa maganar firij ɗin nan da kika faɗa ki rubuta ta, da ranar da kika fara lura.

Takardun yaro kuma haƙƙinki ne ki gani. Ba za su wuce kwana 45 ba su nuna miki ba, in kuma akwai zaman ARD a gaba, kafin zaman za su ba ki.

Batun Turanci: a cikin imel ɗin ki ce kina buƙatar tafintan Hausa. Doka ta wajabta musu su tabbatar uwa ta fahimci abin da ake faɗa a zaman, har da kawo tafinta. Ko ta waya ce su nemo. Kada ki yarda a ce babbar 'yarki ta fassara. A nan Texas kuma in ba ki gamsu da abin da aka yanke ba, ki zaɓi gurbin da ke cewa ba ki amince ba. Za a ba ki damar ɗage zaman na tsawon da bai wuce ranakun makaranta goma ba, ki je ki yi shawara ki dawo. Duk abin da suka ƙi yi, ki ce su ba ki a rubuce tare da dalili, wannan ma wajibi ne a kansu.

Wani direba, Columbus:

Malama ta gama magana. Ni kan kiran nan na "zo ki ɗauke shi" zan tsaya, don ya ci mini aiki guda. Duk ranar da aka kira ki, ki tambaya: dakatar da shi kuka yi? In sun ce a'a, to me ya sa zai bar aji? In sun ce e, su ba ki takarda. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta rana da ƙarfe nawa. Korar da ba a rubuta ba ma ana iya lissafa ta. In kwanakin da aka fitar da yaro suka haura goma ta yadda ya zama an sauya masa gurbin karatu, dole a zauna a duba ko abin da yake yi daga naƙasarsa ne, ko kuwa daga gazawar makaranta wajen bin IEP. Ni nawa da aka bincika, ƙarar ƙararrawar canjin darasi ce ke firgita shi. Abin toshe kunne na 'yan daloli ya kashe maganar. Ki nemi su binciki dalilin rikicewar, su rubuta tsarin da malamai za su bi. Yaron da aka janye masa hanyar faɗin abin da yake so, ai dole ya yi ihu.

Uwar yaro, Houston:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma Malama, in na rubuta suka share ni fa? Ba mu da kuɗin lauya. Ga kuma maganar takardu da maigida ke tsoro.

Wata uwa, Maryland:

'Yar'uwa, ba sai da lauya ba. Ni da hannuna na rubuta ƙorafi zuwa hukumar ilimi ta jiha, shafi biyu. Ke taki ita ce TEA da ke Austin. Ki rubuta abin da ya faru, ki haɗa kwafin IEP da imel ɗinki, ki faɗi gyaran da kike so, ki sa hannu, ki aika wa gunduma kwafi a rana ɗaya. Kyauta ne. Jiha tana da kwana 60 ta bincika ta ba da hukunci a rubuce. Sharaɗin shi ne abin bai wuce shekara ɗaya da faruwa ba, don haka kada ki yi ta jira. Irin taki ma ita ce mai sauƙi, don ba gardamar ra'ayi ba ce: takarda ta ce sau biyu a mako, rajista ta ce babu.

Akwai sulhu, inda jiha ke kawo mai shiga tsakani ba ku biya ko sisi ba, amma sai ɓangarorin biyu sun yarda. Akwai kuma shigar da ƙara gaban jami'in sauraron shari'a. Wannan tana da nauyi, gunduma da lauyanta za ta zo, ban ba ki shawarar ki fara da ita ba.

A Texas ki nemi Partners Resource Network, cibiyar horar da iyaye ce, da kuma Disability Rights Texas. Ba sa karɓar kuɗin shawara.

Maganar takardu, ki gaya wa maigida: tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Plyler, wadda daga Texas ɗin ma ta taso, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda matsayin zama. Ƙorafin kan karatun yaro ne, ba ya buƙatar ki bayyana matsayin zamanku. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi lauyan da ke riƙe da fayil ɗinku, minti biyar ne.

Ma'aikacin ofishin gunduma, Minnesota:

Bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki, don ni nake haɗa alƙaluman da muke aika wa jiha. Gunduma ma tana da mai tuhumarta. Kowace shekara jiha tana aika rahoto Washington kan ma'aunai da dama, ciki har da ko an gwada yara a kan lokaci, da yawan dakatar da yara masu naƙasa, da yawan lokacin da suke yi a aji ɗaya da sauran yara. Ita kuma jiha kowace shekara sai ta sanya kowace gunduma a ɗaya daga matakai huɗu: ta cika sharuɗɗa, tana buƙatar taimako, tana buƙatar a sa baki, ko tana buƙatar a sa baki sosai. In an kama gunduma da saɓa doka, dole ta gyara cikin shekara ɗaya, kuma ba kan yaro ɗaya kawai ba, har da sauran da abin ya shafa.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Babu ma'auni a cikin rahoton nan da ke ƙirga ko ɗanki ya samu minti 30 ɗinsa ranar Talata. Gunduma na iya fitowa fes a takarda alhali yara da yawa ba su ga malamar magana ba. Sai uwa ta rubuta sannan abin yake shiga inda za a gan shi. Malamar nan da ta tafi ba ɗanki kaɗai take gani ba.

Kuma kada ku ɗauka jihar ba ta laifi. A 2004 Texas ta sa wani ma'auni, wanda daga baya aka soke shi, da ya riƙa matsa wa gundumomi kada yaran da ke ilimin musamman su wuce kashi 8.5 cikin ɗari. Jaridar Houston Chronicle ce ta tona a 2016, sannan a Janairun 2018 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce jihar ta saɓa wa IDEA. Ƙarancin kuɗi gaskiya ne, majalisar tarayya ta ƙayyade tallafin da zai iya kai kashi 40 cikin ɗari, ba ta taɓa kaiwa kusa ba. Amma wannan rigimar gunduma ce da gwamnati, ba da yaro ɗan shekara bakwai ba.

Abu ɗaya zan ƙara. In kin je zaman, ki duba burin da aka rubuta masa, kada ya zama na bara ne aka kwafo. A 2017 Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Endrew F., yaro mai otizim daga Colorado, alƙalan duka baki ɗaya, cewa ɗan ci gaba na jeka-na-yi-ka bai isa ba, tsarin ya zama wanda zai sa yaro ya ci gaba daidai da halinsa.

Wani dattijo, Bronx:

To, na ji. Mu a zamaninmu ba mu san da wannan ba. Amma ɗiyata, ki rubuta da ladabi, kuma ki ci gaba da gaisawa da malamar ajinsa. Ba ita ta kori kowa ba.

Malamar yara masu buƙata ta musamman, Dallas:

Wannan gaskiya ne, Baba. Sau da yawa ma malamar ajin ta fi kowa son uwa ta rubuta, don ita in ta yi magana ba a ji.

Uwar yaro, Houston:

'Yan'uwa ga inda aka kwana. Daren Lahadi na aika imel ɗin, maƙwabciyata ta gyara mini Turancin, maigida ya karanta sau biyu kafin ya ce in tura. Ranar Talata wata mata daga ofishin gunduma ta kira, na ce don Allah ta rubuto mini abin da ta faɗa, ta kuwa rubuto. An sa zaman ARD mako mai zuwa, sun ce za a haɗa tafinta ta waya. Rajistar ba su aiko ba tukuna, na sake tuna musu. Jiya an kira ni in ɗauke shi, na tambaya ko dakatarwa ce, matar ta yi shiru, ta ce bari ta sake kirana. Ba ta kira ba, ya dawo a motar makaranta ƙarfe uku da rabi.

Malama, zan turo miki hoton shafin burin nan ki duba mini kafin ranar, don na ga kamar kalmominsa ɗaya da na bara.