Ɗakuna ba sa hucewa har tsakar dare: me zan yi wa saman silin?

Abu_Sadiq: Assalamu alaikum. Gida ne a Kano mai faɗin murabba'in mita 120, rufin kwano, silin POP. Daga Maris zuwa Mayu ɗakuna ba sa hucewa sai wajen asuba, AC kuma ba ta hutawa. In shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, ko in buɗe wa iska hanya? Da wanne zan fara?

Injiniya_B: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da iska, ta fi araha. Kwano yakan kai digiri 70 da rana tsaka, kuma yawancin maginanmu suna jan bulo har ya taɓa kwanon, sai zafin ya rasa mafita, ya sauko ta silin. Ƙa'idar ita ce murabba'in mita 1 na kafar iska ga kowane 150 na silin, naka ke nan 0.8. Raba shi biyu: rabi a ƙasa, ƙarƙashin bakin kwano, rabi can sama kusa da ƙololuwa, domin iska mai zafi sama take yi, ta jawo mai sanyi a bayanta. Kafar sama kaɗai ba ta aiki. Ka rufe kafofin da ragar ƙarfe mai ido milimita 6 saboda jemagu da ɓeraye, ka ɗan ƙara musu girma tunda ragar na cin fili. Ban da ragar sauro, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta.

Mai_Rufi: Injiniya ya yi daidai, amma iska kaɗai ba za ta kashe maka ƙishirwa ba, don kwanon yana gasa silin kai tsaye. Sayi audugar gilashi mai kaurin santimita 10, a shimfiɗa ta a kan silin, gefe na haɗuwa da gefe. Kada a danne ta. Iskar da ke cikinta ce ke tare zafin. Kada kuma ta rufe kafofin ƙasa, a bar santimita 5 tsakaninta da kwano. Kafin nan a gyara duk inda ke yoyo, domin in ta jiƙe da damina ba ta da amfani, ga nauyi a kan POP. Masu zuba garin katako, wallahi gara da gobara suke gayyata.

Injiniya_B: Ƙarin bayani kan wuta: fitilun da ake nutsarwa cikin silin a bar musu tazarar santimita 8, wayoyi kuma su bi ta saman audugar, kada a binne su, suna ɗaukar zafi. In za ka sa takardar alminiyom mai rage zafin da kwano ke watsowa, a kafa ta jikin katakon rufi, mai ƙyallin na kallon ƙasa, da sarari a gabanta. In aka kwantar da ita a kan silin, ƙura za ta kashe ƙyallin. Tana ɗaukar lantarki, don haka a kashe wutar gidan gaba ɗaya. A hau da sassafe, da takunkumi da safar hannu, a taka katako kawai.

Abu_Sadiq: Allah ya saka da alheri. To, fankar nan mai juyawa a saman kwano fa?

Mai_Rufi: Tana taimakawa in akwai kafofin ƙasa. In babu, sanyin AC ɗinka za ta riƙa zuƙewa ta ramukan fitila da ƙofar hawa silin. Toshe waɗannan tukuna.