Wace Hausa za mu yi wa sociotechnical system?

Mai tambaya, Birnin Kebbi: Malamaina, a taimaka. Ina shirya wa ma'aikatan ɗakin kati na wani asibiti bayani da Hausa, sai wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Abin da take nufi shi ne tsarin aiki da mutane da na'urori suka haɗu a ciki, kowane ɓangare na shafar ɗaya. Asalinta cibiyar Tavistock ce ta Landan. A 1951 Eric Trist da Ken Bamforth suka wallafa bincikensu kan ramukan haƙar kwal a Ingila: an kawo sabbin injina, aka wargaza 'yan ƙungiyoyin da suka saba aiki tare, sai fashin aiki ya ƙaru, kwal ɗin ma bai samu yadda aka zata ba. Daga baya masu binciken kwamfuta suka ari tunanin. Na rubuta "fasahar zamantakewa", amma raina bai kwanta ba.

Daga Gusau: Ƙanena, goge shi. Kowa ya ji zai ɗauka Facebook kake nufi. A ofishinmu an kawo kwamfuta, har yau tana lulluɓe da zane, don Oga ba ya sa hannu sai a takarda. Lafiyarta ƙalau, aikin ne bai karɓe ta ba. Ni "cuɗanyar mutum da na'ura" na fi so.

Daga Argungu: Yaya, cuɗanya tun zamanin korona ta koma ta taron jama'a. Ku dubi bikin kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu. Ga homa, ga gora, amma ba mai faɗawa ruwa sai an ba da izini, kuma akwai Sarkin Ruwa da al'adarsa. Ka miƙa wa baƙo homa ka ga in zai fito da ko tarwaɗa. Wanga abu saƙa ne: ka zare zare guda, sauran su warware. Na ce "saƙar mutum da na'ura".

Daga Gusau: To, Malam, na sallama. Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara mun ga warwarar da idonmu. Masu POS suka naɗe lema, ciniki ya koma sai kuɗi a hannu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya ƙara sani. Na ɗauki "saƙar mutum da na'ura", ranar Litinin zan gwada ta a kansu. Saura ɗaya: na'ura ta haɗa har da manhaja, ko sai mun ƙara kalma?