Yaushe kuke sakar wa mai koyo hannu?

Ungozoma, Bauchi:

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Wata biyu ke nan da aka turo min 'yan CHEW biyu, wato ma'aikatan lafiyar al'umma, su zauna a ɗakin haihuwarmu kafin su koma ƙananan asibitocinsu na ƙauye. Kun san tun 2014 da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fito da tsarin raba ayyuka, an ba irinsu damar karɓar haihuwa, da sa ashanar tazarar haihuwa, da yi wa mai jijjiga allurar farko kafin a tura ta babban asibiti. Kowace tana da littafin da nake sa wa hannu. Ɗaya hannunta ya faɗa, amma sai ta kalle ni kafin ta taɓa komai. Ɗayar kuma ko gezau ba ta yi, jiya ma ta kawo min littafin in sa hannu a kan haihuwa uku da kallo kawai ta yi. Na ƙi, ta fita ranta a ɓace. Ku da kuka daɗe kuna duba ɗalibai, yaushe kuke ja da baya ku bar mutum ya yi shi kaɗai?

Nas mai allurar barci, Gombe:

Wa alaikumus salam Sista. Kin yi daidai da kika ƙi. Bari in ba ki labarin abin da ya sauya min tunani.

Akwai wani yaro da na duba, nas ne da ya zo koyon sa barci. Allurar kashin baya kam Allah ya ba shi, sau ɗaya yake saka ta ruwan kashin bayan ya fito, alamar ta shiga daidai. Ni kuma a lokacin abin da nake ƙirgawa ke nan: ya yi goma, ya yi ashirin. Wata rana da la'asar aka kawo mata za a ciro mata jariri, ya yi allurar lafiya lau, aka kwantar da ita, sai ya juya yana cike takarda. Ina bakin ƙofa na ji matar ta ce zuciyarta na tashi. Na duba na'ura, jininta ya faɗi ƙasa sosai. Allurar nan tana sakar da jijiyoyin jini na ƙasan jiki, ga nauyin ciki ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, shi ya sa mintunan farko su ne masu haɗari. Muka karkata ta gefen hagu, muka buɗe ƙarin ruwa, aka ba ta maganin ɗaga jini, Allah ya kiyaye uwa da ɗa.

Da daddare na zauna na ga laifin nawa ne. Na koya masa saka allura, ban koya masa abin da ke biyo bayanta ba. Tun daga ranar, kafin ɗalibi ya taɓa mara lafiya sai ya faɗa min da bakinsa me zai iya ɓaci, me zai gani, me zai fara yi, wa zai kira. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da in ja shi ba, shi nake barin ɗaki in tsaya a waje. Ita ɗalibarki mai kallonki, jarraba ta haka. Mai yiwuwa ta san komai, izininki kawai take jira.

CHO (jami'in lafiyar al'umma), wajen Ningi:

Tawa matsalar ta shekaru ce. An haɗa ni da wani dattijo da ya kusa haifata, yana aiki tun ina firamare. Ta yaya zan ce "Baba ba haka ake yi ba" a gaban masu jinya? Abin da ya fisshe ni shi ne littafin ƙa'idojin aikinmu. Sai in ce, "Baba, mu duba tare ko an canja wannan." Mu buɗe, ya karanta da kansa. Gyara kuma sai mun shiga ofis mu biyu. Ni ma na ƙaru da shi ƙwarai wajen lallashin mazan da ke ƙin a tura matansu gari.

Likita mai neman ƙwarewa, Gombe:

Ni daga ɓangaren waɗanda ake dubawa nake magana. Mu ma muna da littafi, ba a zama jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma sai an cike shi. Akwai wani wuri da na yi aiki, babban da ke kaina da wuya ka gan shi bayan azahar. In na kira da dare sai ya ce, "Ci gaba, ka iya." Wallahi ban iya ba a lokacin. Na taɓa tsayawa da cikin mutum a buɗe ina jiran a ɗaga waya. Daga baya na samu wata babbar likita da ke shigowa ta wanke hannu, ta sa riga, ta tsaya gefena ba ta ce uffan ba sai na tambaya. A wata uku da ita na koyi abin da ban koya ba a shekara. Don Allah iyayenmu, in za ku ja da baya, ku ja zuwa inda za mu same ku.

Nas, Gombe ta kudu:

Mu a nan cizon maciji ne jarrabawarmu, musamman lokacin shuka da girbi. Kububuwa, wadda muke kira gobe da nisa, dafinta yana hana jini daskarewa. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗebi jini kaɗan a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta, busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. In yana gudu, dafi ya shiga jini. Wani ɗalibina ya bar jinin a cikin sirinji na roba ya zo yana cewa bai daskare ba. Ai a roba jinin mai lafiya ma yana iya ƙin daskarewa, kuma maganin dafin nan ba abin wasa da shi ba ne, ga tsada ga ƙaranci. Na sa ya sake a gilashi a gabana, ya daskare sarai. Ni na faɗa masa gwajin da baki a makon farko, ban taɓa tsayawa na ga ya yi ba. Yanzu duk wanda zai koma ƙauye sai ya yi a gabana, ya kuma faɗa min wane mara lafiya ne ba zai riƙe ba, zai tura asibitin cizon maciji na Kaltungo nan take.

Tsohuwar matron, Azare:

'Ya'yana duk na ji ku, amma bari in faɗi ɗaya gefen. Yarinyar nan da ta fusata, ko kin sa hannu ko ba ki sa ba, ƙauye za ta koma, kuma ƙarfe biyun dare ita kaɗai za a buga wa ƙofa. Ma'aikata sun yi ƙaranci, ƙwararru suna ta ficewa ƙasashen waje. Tsaurin da zai sa ta tafi ba ta taɓa komai ba shi ma cutarwa ne. Kin ƙi sa hannu, madalla, to kin ba ta haihuwar ta karɓa? Sau da yawa mu ne muke karɓe aiki don mun fi sauri. Ni hannuwana nake haɗawa a baya in hana kaina. Maganin jijjiga kuwa, magniziyam salfet, ba na barin ɗaliba ta maimaita allurar sai ta ƙirga numfashi, ta buga gwiwa ta ga ƙafa ta motsa, ta duba yawan fitsari, ta kuma nuna min inda kalsiyam gulukonet yake, wato maganin da ke karya shi in ya yi yawa a jiki.

Ungozoma, Bauchi:

Na gode ƙwarai. Mama, maganarki ta same ni, domin da na duba, haihuwa ukun nan ni na karɓe su daga hannunta saboda layi ya yi tsawo. Na kira ta na faɗa mata haka. Daren jiya ita ta karɓi haihuwa biyu ina tsaye a bayanta, ta biyun ma mabiyiya ta yi jinkiri, ta juyo ta ce, "Anti, zo ki duba." Na sa mata hannu a kan biyun. Mai kallona kuma gobe zan tsaya mata a bakin ƙofa, kamar yadda Malam mai allurar barci na Gombe ya ce.