Na gwada GTI, Civic Si da Swift Sport, kaina ya ƙulle

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekara tara ina jan tsohuwar motar da mahaifina ya bari, Allah ya jiƙansa. Mota ce mai haƙuri, amma ko ka take totur har ƙasa, ƙugi kawai take yi. Sau biyu ina tara kuɗin wata, lalura na tasowa tana cinye su. Watan jiya na sayar da ita, ranar da aka tafi da ita sai da na yi hawaye. Tun ina yaro burina ƙaramar mota mai zafin nama, wadda in ka sha kwana za ka ji ta manne da titi.

Na gwada uku, duk na hannu. Golf GTI samfuri na bakwai mai giyar DSG, wato wani nau'in otomatik, ina taɓa totur ta manna ni da kujera, sai dai wajen tashi daga tsaye na ji ɗan jinkiri. Civic Si mai inji 2.4, manuwal ce mai giya shida. Da allurar juyin inji ta haura 5000 na ji muryar injin ta sauya, wallahi har yanzu tana kunnena. Swift Sport kuma kamar ba nauyi a jikinta, amma bayanta ya matse. Muna da jariri ɗan wata biyar, matata kuma ba ta iya manuwal ba. Wacce zan ɗauka?

Mai gareji:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, babu wani dogon lissafi a nan, GTI za ka ɗauka. Tun 1976 Volkswagen ke yin ta, ita ce uwar wannan aji. Injinta 2.0 ne mai turbo, ƙarfin juyawarsa Nm 350, kuma tun daga juyi 1500 yake ba ka shi. Na Civic ɗin nan kusan 230 ne, shi ma sai ka kai wajen 4400. Ma'ana ita Civic sai ka wahalar da ita take daɗi, GTI kuwa a tafiyar yau da gobe ma tana ba ka. Jinkirin da ka ji ba ciwo ba ne. DSG kuloci biyu gare ta, ɗaya na giyoyin mara, ɗaya na cika, kwamfuta ce ke kama su, shi ya sa tashinta ba irin na otomatik da ka saba ba ne. Ga ƙofar baya mai ɗagawa, ga matarka za ta iya ja. Magana ta ƙare.

Tsohon direba:
Malam, ba ka faɗa mana shekarar kowacce ba, balle kilomita nawa suka ci. Minti nawa ka yi a cikinsu? Ka tarar da injin a sanyaye? Ni abin da ya ci ni ke nan. Na je duba wata mota, mai ita ya riga ya ɗumama ta, ya ƙure rediyo, yana ta ja na da hira. Washegari da asuba na tayar da ita, sai ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Har yau in na kira shi ba ya ɗauka, shekara biyu ke nan, kuma mutumin da muka yi makaranta tare ne. Ka koma, ka ɗora hannu a kan bonet kafin a murza makulli, ka kashe rediyo, ka bi hanya mai gargada, ka taka birki da ƙarfi ka ga ko sitiyari zai karkata.

Mai tambaya:
Kowacce kamar minti goma na yi, masu su na zaune kusa da ni. Amma mai Civic mutumin kirki ne, da ganin fuskarsa ka san ba zai cuce ni ba. Yaya mai gareji, na ji bayaninka, amma ni ba lamba nake saye ba. Yadda giyar Civic ke faɗawa a hannu, ƙwas, GTI ba ta ba ni wannan ba. Kuma na karanta cewa Civic ɗin tana da abin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba don kada ta ciki ta yi ta juyawa a banza a kwana.

Wata 'yar'uwa:
Ɗan'uwa, ka tambayi matarka kuwa? Civic Si ba a yin ta da otomatik, manuwal ce kaɗai. Ranar da ba ka nan jariri ya yi zazzaɓi da dare fa? Kuma ba ka ce mai ƙofa biyu ce ko huɗu ba. Maigidana ya taɓa kawo mana mai ƙofa biyu ba shawara, shekara uku ina durƙusawa ina cusa yara baya, har yau bayana bai dawo daidai ba, in na yi magana ya ce ban san mota ba. Ka ɗauki kujerar jaririn ka je ka ɗaura ta a kowacce, ka gani da idonka.

Wani mamba:
Ni dai ban yarda da mai gareji ba. Injin Civic ɗin nan ba turbo, abin lalacewa kaɗan ne. DSG mai giya shida sai an sauya mata mai duk kilomita 60,000, in mai ita bai nuna maka takardar hakan ba kada ka kusance ta. Kuma an raina Swift a banza. Mai inji 1.4 turbo ba ta kai kilo 1000 ba, ƙarfin doki 140 ya ishe ta, ga sauƙin fetur da taya.

Mai gareji:
Sauya mai a kan lokaci shi ne abin tsoro? Kowace mota da haƙƙinta. Wanda ya kasa wannan, kulocin manuwal ma zai ƙone shi a cunkoso. Swift kuwa, a saka keken jariri a but ɗinta a dawo a ba ni labari. Shekara da shekaru ina kwance ƙarƙashin motocin nan, na ce GTI. Ƙanina, ka kawo ta a jona mata kwamfuta a karanta, in ta fito tsaf ka biya.

Mai tambaya:
Hajiya, mai ƙofa huɗu ce, kuma matata za ta koya, ni ma a sati biyu na iya. Ban dai gaya mata manuwal ce ba tukuna, ina jiran lokacin da ya dace. Takardun man DSG ɗin ban tambaya ba. Mai Civic ya kira ni yanzu, wai akwai wanda zai zo da kuɗi ranar Asabar. In na ba da kafin alƙalami gobe, zan iya cewa a bar ni in tayar da ita a sanyaye daga baya?

Tsohon direba:
Haka ni ma aka ce mini, wai wani zai zo Asabar.

Mai tambaya:
To amma idan gaskiya ne fa? Yaya mai gareji, kana nan?