Gyaran fuska a hoton baƙi da fari: ina ya kamata a tsaya?

Sabon Hannu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya a kan gyaran hoton fuska na baƙi da fari. Idan an mayar da hoto mai launi zuwa baƙi da fari, sai ƙuraje da tamoji da ramukan fata su fito fili fiye da yadda ido ke ganinsu. Idan kuma aka bi su da gyara, fuskar ta koma kamar ta 'yar tsana. Me ake cirewa, me ake bari? Kuma da wanne ake farawa, gyaran fata ko cire launi? Da manhajojin gyaran hoto na Lightroom da Photoshop nake aiki, a RAW nake ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara.

Haske da Inuwa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ga ma'aunin da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi: duk abin da zai ɓace da kansa nan da mako biyu, a cire shi. Ƙurji, yankan aska, fashewar leɓe, silin gashin da ya gitta kan ido, zare a jikin riga. Abin da mutum zai ci gaba da rayuwa da shi kuwa, irin su tabo, tawadar Allah, furfura da tamoji, nasa ne, ba a taɓawa sai da izininsa.

Tamoji ne kaɗai ke da tsaka-tsaki. Fitilar da ta bugo daga gefe tana zurfafa su fiye da yadda suke a zahiri, saboda inuwa na kwanciya a cikin kowane layi. To halal ne ka rage abin da fitilarka ta ƙara, ka mayar da layin yadda yake idan kana zaune da mutumin. Share layin gaba ɗaya shi ne kuskure. A dattijo ma, waɗannan layukan su ne hoton.

Tsarin aiki kuwa: ka buɗe hoton a Photoshop a 16-bit (zurfin bayanan launi) da launinsa, ka ɗora leyar baƙi da fari (leya shimfiɗa ce da ake ɗorawa a kan hoto) a can sama, duk gyara ya gudana a ƙarƙashinta. Ta haka kana kallon baƙi da fari alhali launin na nan idan ka so sauya haɗin daga baya. Kuma ba za ka ɓata lokaci kan jan da ba ya fitowa ba, don ƙuraje da yawa launi ne kawai ke tona su.

Sai ka buɗe leya marar komai, ka ɗauki burushin warkarwa (healing brush, mai rufe aibi da samfurin fata), girmansa ya ɗara ƙurjin kaɗan, ka ɗebo samfuri daga fatar da ke maƙwabtaka da shi. Kada ka ɗebo daga goshi ka liƙa a kumatu, saƙar fatar ba ɗaya ba ce. Ka yi aiki a girman kashi 100. Wanda ya zuƙo hoto zuwa kashi 300 zai yi ta goge abin da babu mai gani, idan ya ja baya ya tarar da fili sumul a tsakiyar fuska.

Bayan nan ne babban aikin, wato haskakawa da duhuntawa. Leyoyin lanƙwasa (curves, masu sarrafa haske) biyu, ɗaya ta ɗaga haske ɗaya ta sauke, kowacce da baƙin mayafi (mask, mai ɓoye aikin leya sai inda ka shafa fari), sai ka bi da farin burushi mai laushi, kwararsa (flow, yawan abin da yake zubawa) kashi 1 zuwa 3. Ka haskaka ɗan dabbaren da ya fi kewayensa duhu, ka duhunta wanda ya fi haske. Ramukan fata ba sa motsi ko kaɗan, shi ya sa fuskar ke zama ta mutum. Aiki ne mai cin lokaci, gaskiya, amma ba shi da madadi. Iyakarsa: inuwar ƙarƙashin ido a rage ta, kada a kashe ta, domin ita ke nuna ido na cikin gurbinsa. Haka layin da ya sauko daga hanci zuwa gefen baki, idan ya tafi kumatu ya baje.

Ɗakin Duhu:

Malam Haske ya faɗi gaskiya, sai dai ina ganin matsalar mai tambaya ta faro tun kafin burushi. Yadda ake cire launin shi ne rabin gyaran.

Fatar ɗan Adam, fara ko baƙa, a yankin ruwan lemo da ja take zaune. Idan ka duba tashoshin launi uku ɗaya bayan ɗaya za ka gani da idonka: a tashar ja fata na fitowa da haske da laushi, a ta kore tana da cikakken bayani, a ta shuɗi kuwa kowane ɗigo da tabo sai ya yi baƙi ƙirin, ga hayaniyar fiksel. Tun zamanin fim ake amfani da wannan. Masu ɗauka kan sa filta ruwan ɗorawa ko ruwan lemo a gaban lens don fata ta yi laushi, su sa kore idan suna son fuskar namiji ta nuna ƙarfi. Tsohon fim da ba ya jin jan haske kuma shi ke sa leɓe ya yi baƙi a hotunan da.

Saboda haka, a haɗin baƙi da fari na Lightroom, ka ɗaga ruwan lemo da kamar 10 zuwa 20, ka dubi fuskar tukuna. Sau da yawa rabin abin da kake shirin gogewa zai lafa. Amma akwai tarko biyu. Idan ka ɗaga ja da yawa, leɓe zai narke cikin fata, baki ya rasa iyaka. Idan ka raba ruwan lemo da maƙwabtansa da nisa, misali shi a 60 ruwan ɗorawa a ƙasa da sifili, farin zobe zai fito a gefen fuska da kunne, fatar ta yi dabbare-dabbare.

Wani abu da nake so a kula da shi sosai: wannan silaida ta ruwan lemo, wato ma'aunin da ake ja, tana iya sauya hasken fatar mutum gaba ɗaya. Mai duhun fata a bar shi da duhunsa. A tsarin shiyyoyin haske da masu ɗaukar hoto Ansel Adams da Fred Archer suka tsara, inda lamba ke hawa daga baƙi zuwa fari, farar fata kan zauna a shiyya ta 6, mai duhu a ta 5 ko ƙasa da haka, kuma kowacce daidai take a wurinta. Kyan baƙar fata a irin wannan hoto yana cikin sheƙin goshi, karan hanci da ƙashin kumatu, su ke fitar da sigar fuska. A rage wanda ya ƙone ya zama fari fat, sauran a bar su. Idan maiƙo ya yi yawa, maganinsa na wajen ɗauka: a goge fuska, a yi amfani da fitila mai faɗi, a matso da ita kusa.

Kuma ka duba ko ba kalariti (clarity, silaidar da ke fito da ƙananan bayanai) ka ɗaga ba. Masu fara baƙi da fari na son ta don tana ba hoto kaifi, amma a fata ita ke tono ramuka.

Sabon Hannu:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Lallai kalariti a 40 take, zan sauke. To hanyar nan ta raba fata hawa biyu fa, saƙa daban haske daban? Na ga ana yawan koyar da ita.

Mai Madubi:

Ƙanena, hanyar ba ta da laifi, yadda ake amfani da ita ne ke haifar da fuskar roba da kake kuka da ita. Ana kwafin hoto biyu, a dusashe na ƙasa har ramukan fata su ɓace, a ciro saƙar a ajiye a na sama. Yawan dusashewar ya danganta da girman fuska a cikin hoton: wadda ta cika firam a kyamara mai megafiksel 24 za ta nemi kamar fiksel 6 zuwa 10, ta rabin jiki ƙasa da haka. Ɓarnar na zuwa ne idan aka zagaye kumatu ko goshi a hawan ƙasa aka sake dusashe shi. Ramukan na nan a sama, amma tudu da kwarin da ke ƙarƙashinsu sun tafi, sai ka ga kamar an shimfiɗa fata a kan balan-balan. A hoto mai launi, launin kan ɗan rufa asiri. A baƙi da fari babu abin da ke riƙe fuska sai hawa da saukar haske. Ni a ganina a bar ta don ƙananan wurare, kamar cire gashi daga kan kumatu.

Ido ma ana yawan ɓata shi. Farin ido ba fari ba ne, toka-toka ne mai inuwa a gefuna domin ƙwallo ne. Kada ya kai hasken ɗigon fitilar da ke cikin ƙwayar. Haƙora ma haka.

Sannan yawan gyaran da ya dace yana bin inda hoton zai je. Na jarida ko na tarihi: ƙurar sensa kaɗai ake cirewa, sai daidaita haske. A gasar hotunan jarida ta World Press Photo ta 2015 an kori kusan kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Na fasfo da katin shaida ba a taɓa fuska. Na talla yana da sarari, ko da yake tun 2017 dokar Faransa ta wajabta a rubuta cewa an gyara hoton talla idan an rage ko an ƙara jikin mai tallar. Na kwalliya irin na taurarin Hollywood a shekarun 1930, wanda mai ɗaukar hoto George Hurrell ya shahara da shi, da fensir ake bin babban negatif har fata ta yi sumul, kuma kowa ya san salo ne. Hoton da mutum ya biya a yi masa yana tsakiya, a tambaye shi tun farko game da tabo ko tawadar Allah. Siffar hanci, muƙamuƙi da girman ido ba na cikin gyara.

Haske da Inuwa:

Ƙari kaɗan kan duba aiki. Ka tara leyoyin gyara a rukuni ɗaya, ka riƙa kashewa kana kunnawa. Idan sigar fuska ta motsa, ka wuce gona da iri. Abin da ya kamata ya motsa shi ne ƙananan dabbare. Ka ƙanƙance hoton zuwa girman tafin hannu ka duba, nan ake gane kumatun da ya baje. Ka bar shi ya kwana, washegari ka sauke ƙarfin rukunin zuwa kashi 70 ka gwada su gefe da gefe.

Idan za ka sa tsakin fim (grain, ƙananan ɗigogi irin na hoton fim), shi ne na kusa da ƙarshe, bayan ka daidaita girman da za a buga, kuma a kan hoton duka domin ya haɗe inda aka taɓa da inda ba a taɓa ba. Kaifafawa kuwa a ido, gira, gashi da leɓe, ka rufe fata da mayafi.