Keken fatsar Turawa: wa ya taɓa riƙe shi, kyansa ya kama shi?

Mai shago, Mabera

Assalamu alaikum jama'a. Ranar Asabar na shiga Tsohuwar Kasuwa neman kwaɗon ƙofa wajen wani mai kayan gwanjo. Ina tona tarkacen da ya zube a kan buhu sai hannuna ya faɗa kan wani ƙarfe zagayayye, faɗinsa bai kai tafin hannuna ba. Baƙi ne, amma bakin-bakinsa ya koɗe ya yi fari saboda riƙo. An huda shi da ƙananan ramuka layi biyu, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Da na murɗa ɗan mariƙin da ke jiki sai ya kama ƙara, ƙir-ƙir-ƙir, a natse, kamar ana wana agogon bango irin na da. Mai kayan bai san ko mene ne ba, ni ma haka. Na biya na sa aljihu.

Ɗan maƙwabcina ne ya ɗauki hotonsa ya bincika a intanet, ya ce keken naɗe zare ne na wata irin fatsa ta Turawa wadda ba a sa mata koto, sai ƙwaron ƙarya da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya. Ni ban taɓa jefa fatsa ba tun da nake. Amma yau kwana biyar yana kan teburina, da zarar ciniki ya lafa sai in ɗauka in yi ta juyawa. Wanda ya taɓa riƙe irinsa, ko ya taɓa ajiye kayan kamun kifi don kyansu kawai, don Allah ya ba mu labari.

Basarke, yankin Wurno

Wa alaikumus salam Alhaji. Na taɓa riƙe shi sau guda, Argungu, bikin 2020. Ni da tsohona munka tahi da homa da gora awa kowa. Wani Bature cikin baƙi yaz zo shina kallon kayanmu, daga baya yad ɗauko nashi cikin mota. Bai jefa ruwa ba, don kowa ya san ba a su Matan Fada kahin a ba da izini. Kan tudu yag gwada muna, zaren mai kabri, ruwan ɗorawa, shina tahiya sama gaba da baya. Keken nan kore na, awa ganyen darbejiya bayan ruwan hwari.

Baba ya riƙe shi ya daɗe bai ce komi ba. Abin da yab burge shi shi na babu wurin da yatsa ka kamuwa, ko'ina sumul. Shi mutum na da in zai sayi gora sai ya shahe ta da hannu tun daga wuya har gindi, in yaj ji ƙurji ko guda ya aje. Gorar da yaka shiga ruwa da ita ta girme ni, ta yi ja har ta koma baƙi-baƙi, tana ƙyalli ba wanda yas shafa mata mai. Ga ganina koɗewar bakin naka keken da wanga ƙyalli na gora abu guda na, hannun mai shi na yab bar sawu.

Dakta, Arkilla

Alhaji, abin da ya kama ka ya kama mutane da yawa kafin kai. Lokacin da nake karatu a Niyukasil ta Ingila wani abokin karatuna ya kai ni garin Anik, can arewa da mu, tafiyar ƙasa da awa ɗaya. Nan ne gidan kamfanin Hardy, wanda aka kafa a 1872, kuma da sana'ar bindiga ya soma kafin ya koma kayan fatsa. A can na fara ganin samfurinsu da ake kira Perfect, wanda ya fito tun 1891. Wasu daga ciki an dasa musu zoben dutsen aƙiƙ a ƙofar da zare ke fita. Na ɗauka ado ne, irin na zoben azurfar malamai. Ashe don dutsen yana da tauri da santsi ne, zare ya yi ta gogarsa shekara da shekaru bai yi masa rami ba.

Ramukan da ka gani ma haka. Wani Ba'amurke, Charles Orvis, shi ya yi rajistar keke mai hudajjen gefe a 1874. A lokacin, da zaren siliki ake wannan fatsar, in an naɗe shi da danshi sai ya ruɓe, to ramukan ne ke barin iska ta shiga ta busar da shi, kuma suna rage nauyi. Yanzu zaren na roba ne, ba ya ruɓewa, amma ramukan sun zauna, har kowane kamfani na da tsarin hudarsa da ake gane shi da shi daga nesa.

Abin da ya sa aka samu sararin ƙawata shi haka, a fahimtata, aikinsa kaɗan ne. A fatsar da muka sani, nauyin darma da koto ne ke jan zare zuwa cikin ruwa. A wannan kuwa ƙwaron ba shi da nauyi, zaren ne mai nauyin, shi ya sa Basarke ya gan shi da kauri. Da hannu ake jawo shi a sake shi, keken yana ƙasan sanda yana jira, sai babban kifi ya ja da gudu sannan ya yi kuka. Ƙarar da ka ji wani ɗan harshen ƙarfe ne ke bugun haƙoran giya, don kada zare ya warware fiye da kima. Na ga dattawa a shagon Hardy ɗin suna kanga shi a kunne suna murɗawa kafin su tambayi kuɗi. Ban saya ba, kuɗin ɗalibi bai kai ba, kuma har yau abin na raina.

Maƙeri, Maƙera Assada

Ranka ya daɗe Dakta, ka warware mani abin da ya daɗe yana damuna. An taɓa kawo mani ɗaya gyara, shuɗi, ya daina ƙara. Da na buɗe sai na tarar ɗan sifirin da ke danne harshen nan ne ya karye. Na yanko na tsohon agogo na lanƙwasa, sau uku ina sakewa kafin muryar ta dawo yadda mai shi ya ce ya santa. Amma abin da ya tsayar da ni jikin ne. Na juya shi gaba da baya ina neman wurin walda ko sawun zubi, babu. Ni da na tashi cikin maƙera na san wahalar fitar da da'ira ta tsaya cif. Kuma launin ba fenti ba ne, na gwada da farce a ciki inda ba a gani, bai ko nuna ba. Ya ake yinsa?

Dakta, Arkilla

Malam, masu tsadar daga curin alminiyam guda ake sassaƙo su da injin da kwamfuta ke sarrafawa, shi ya sa ba ka ga haɗi ba. Launin kuma ana tsoma ƙarfen ne cikin ruwan asid a sa masa lantarki, fatarsa ta yi ƙananan ƙofofi, rini ya shige, sannan a toshe. Akwai kamfanin Abel a Amurka da ke zana ɗigo-ɗigon jikin kifi a kan nasu da hannu, ta wannan hanyar.

Ma'aikaci, Gidan Igwai

Ni tawa ba ta yi daɗi ba. Hoto na gani, ja da ruwan zinariya, na yi oda har da sanda da zare. Da ya iso, kwana biyu ina nuna wa mutane. Na tafi da shi Goronyo cikin damina, ruwa ya yi jawur, iska na kaɗawa. Na ajiye shi a kan yashi sau ɗaya, shi ke nan ya fara gurnani. Kafin wata guda launin ya soma ɓarewa, ashe fenti ne a kan ƙarfen zubi. Wanda ya sayar mani ya daina ɗaukar waya. Kifi kuma ban kama ko ɗaya ba, yara da fatsar kara a gefena suna ta fiddo tarwaɗa. Kuɗin sun yi mani ciwo ƙwarai. Duk mai son saye ya riƙe a hannu tukuna.

Basarke, yankin Wurno

Allah shi mayar da alheri ɗan'uwa. Amma tarwaɗa ƙasa taka kiwo, da gashin bakinta taka laluben abinci, ba ta tasowa don gashin tsuntsu. Bari ruwa shi kwanta bayan kaka, ka zo da sassahe inda kawara ka tsalle suna cin ƙwari. Akwai tsage kuma, sai dai haƙoranta na yanke zare, sai ka sa 'yar waya bakin ƙugiya. In ka shirya ka yi magana in shiga da kai cikin jirgi.

'Yar masunta, Kwalkwalawa

Ni ban taɓa riƙe keken ba, sai hoton da Alhaji ya sa. Amma tambayarsa ta biyu ta shafe ni. Homar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tana rataye a ɗakin Inna shekara shida ke nan. Shi ya saƙa ragar da hannunsa, idanunta duk ɗaya kamar an auna, itacen ya lanƙwasa shi a wuta ya yi baka. An zo saye sau biyu, Inna ta hana. In na shiga gaishe ta da safe, haske ya shigo ta taga, inuwar ragar takan zanu a bango, sai in tsaya kallo kafin in fito. Baba Alhaji, kada ka bari a goge koɗewar nan ta bakinsa.

Mai shago, Mabera

Amin, Allah ya jiƙan magabata. 'Yata, na ji, ba za a goge ba. Dakta, na duba bayansa da tocila ko zan ga sunan kamfani, akwai rubutu amma datti ya cike shi. Malam maƙeri, in na kawo za ka iya fito da shi ba tare da ka taɓa baƙin ba?

Maƙeri, Maƙera Assada

Zan iya, Alhaji. Kada ka sa masa sosan ƙarfe ko toka kafin nan. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu mai ɗumi sun isa, sai ɗigon man keken ɗinki a kan sandar tsakiya. Ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin wuta ta mutu, hannuna ya fita daga gawayi. Dakta, in da hali ka biyo ka karanta mana rubutun.